Madubin Baba Hatimi

Shekara talatin da huɗu Baba Hatimi ya yi a ɗakin ajiye fayil na wata ma'aikata, kuma ba a taɓa cewa ga takarda ta ɓata a hannunsa ba. Yana ɗan shekara goma sha tara ya shiga da sunan masinja, yana jigilar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Daga baya aka ba shi kujera, da tebur mai ƙafa ɗaya gajera, da hatimi uku a cikin tsohon gwangwanin madara. A nan sunan ya manne masa. In ka miƙa masa takarda ba zai dubi fuskarka ba sai ya ga ko an buga mata hatimi. In ba a buga ba, ko kai ne ƙanin mahaifiyarsa, haƙuri zai ba ka ya nuna maka ƙofa.

A gida ma haka yake. Akwai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, ba sutura a ciki, sai rasit da katin garanti na duk abin da ya taɓa saya. Rasit ɗin dutsen guga da ya ƙone tun kafin a haifi autansa yana nan a ninke. Kuma yana da hujjarsa, don sau ɗaya a rayuwa takarda ta share masa hawaye. Fanka ya saya mai garantin shekara guda, ta yi wata goma sha ɗaya ta tsaya cak. Ya ɗauko kati, ya saɓa fanka a kafaɗa, ya je kamfanin ya kafa zama a benci kwana uku a jere, rana ta huɗu aka miƙo masa sabuwa fil a kwali. Wannan labari iyalinsa sun ji shi har sun haddace. Da ya ce, "Lokacin da fankar nan ta tsaya," sai Auta ya karɓe, "Wata goma sha ɗaya, Baba, mun sani, saura wata guda." Shi ko a jikinsa, sai ya kai ƙarshe.

Mutum ne mai gaskiya, wannan ba mai ja. Amma gaskiyar tasa mai taurin kai ce. Mutane suna girmama shi, suna kuma gajiya da shi.

Da ya yi ritaya zaman gida ya gagare shi. Ya sami aikin kula da injin ruwa da tanki a wani bene mai hawa shida, ofisoshi ne daga ƙasa har sama. Lif ɗin benen ya daɗe da mutuwa, don haka kullum sai ya taka matakala ɗari da goma sha biyu ya duba tanki, ya sauko ya kashe injin. Matarsa tela ce, kekenta na bakin taga a falo. Gwiwoyinta sun ƙi ta tun shekara biyar da suka wuce, daga ɗaki zuwa ƙofar gida ma sai ta dafa bango. 'Ya'ya biyu suka rayu musu. Babbar tana gidan mijinta, tana aiki a kantin magani. Sai Auta, ɗan shekara ashirin da huɗu, sarkin surutu da tsokana, yana lodin kaya a wani babban sito a bayan gari.

Wata safiya aka ce kaya sun yi ƙafa a siton. Ba a tsaya tantancewa ba, aka kwashe duk mutum bakwai da suka yi aikin ranar, har da Auta, aka kai su gidan yari jiran shari'a. Wata guda ya wuce, wata uku, wata takwas. Duk ranar da kotu ta sa, sai a ce fayil bai iso ba. Ga mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tsaron fayil ɗin mutanen da bai sani ba, yau na ɗansa ne ya maƙale a aljihun teburin wani. Abin ya ci masa rai ƙwarai, har labarin fanka ya daina bayarwa.

A wata na tara, yana saman bene yana ɗaure murfin tanki, ya ɗaga kai ya hango katangar gidan yarin can bayan layin dogo. Kullum yana ganinta. Abin da bai taɓa lura da shi ba shi ne, in mutum ya tsaya a kusurwar tankin, yana iya hango wani yanki na tsakar gidan. Ƙarfe huɗu na yamma wurin ya cika da wasu ɗigo-ɗigo masu motsi.

Ranar ziyara ya gaya wa Auta ta cikin ragar ƙarfe.

"Da wane idon, Baba?" in ji Auta yana dariya. "Kai da kake gaida turken lantarki in rana ta yi sanyi."

"Kai dai faɗa mini inda za ka tsaya."

"Akwai famfo a kusurwa, wurin da muke wanki. Ƙarfe huɗu ake fito da mu. Zan tsaya a nan in ɗaga hannu. Amma ka ce wa Mama ta ɗinko mini riga mai ihu, wadda za a gani daga wata duniya."

Ta ɗinka masa rawaya mai kashe ido. Masu jiran shari'a kayan gida suke sawa, don haka aka karɓa. Mako biyu bayan nan aka yi wani hargitsi tsakanin fursunoni da gandirobobi, aka rufe ziyara gaba ɗaya, aka manna sanarwa a ƙofa cewa sai yadda hali ya yi. Ba shiga, ba waya, ba wasiƙa. Magani kaɗai ake karɓa ta taga, shi ma sai da sunan fursuna da takardar kantin magani. Abin da ya rage tsakanin uba da ɗa shi ne ɗigon rawaya guda a jikin famfo, wanda bai fi ƙwayar gero ba daga saman bene.

Akwai wani shagon kayan hannu a bayan tashar mota. Mai shi wani ƙato ne da ake kira Gwada-Ka-Gani, don abin da yake cewa ke nan, ko rediyo ka taɓa ko tukunyar lantarki. Daga ƙarƙashin tarin tsofaffin kyamarori ya zaƙulo wa Baba Hatimi madubin hangen nesa, baƙi, mai ido biyu, robar jikinsa ta ɗan saɓule a gefe, da jakarsa ta fata. Baba ya fita bakin titi ya kara a ido. Allon wani asibiti da ke ƙarshen layi ya taso ya tsaya masa a gaban hanci, har sai da ya ja da baya. Amma ba wannan ne ya gama saye zuciyarsa ba. A aljihun jakar ya tarar da kati: garantin shekara biyar, an ci uku, saura biyu. Ga lambar madubin, ga kwanan wata, ga sunan wani mutum, ga hatimi shuɗi zagayayye. Ya shafa hatimin da babban yatsa, ya ɗaga katin a rana, ya gyaɗa kai. Na gaske ne.

"Garantin nan yana aiki?" ya tambaya.

"Baba, ni kaya nake sayarwa, ba alkawari ba," in ji mai shagon. "A ciki na sami katin, a ciki na bar shi. Gwada ka gani."

Da 'yarsa ta zo gida a ƙarshen mako, ya ba ta katin yana jiran yabo. Ta juya bayansa ta ƙanƙance ido, don rubutun wurin ƙanana ne ainun.

"Baba, nan an ce garantin na wanda ya saya da farko ne kaɗai. Ga ma sunansa. Kai na biyu ne, ko na uku."

"Madubin aka yi wa garanti ko mutumin?"

"Ni dai abin da aka rubuta nake karanta maka."

"Haka suke rubutawa don su kori marasa haƙuri. Lambar da ke katin ita ce a jikin madubin? Ita ce. Hatimin na gaske ne? Na gaske ne. To magana ta ƙare. Tun ba a haife ki ba nake hulɗa da kamfanoni."

Ta miƙa masa katinsa. Mutumin da ya shekara talatin yana cewa a bi abin da aka rubuta, ranar da rubutu ya saɓa wa son ransa sai ya zaɓi hatimi.

Ranar farko da ya hau da madubin, da ƙyar ya iya saita shi. Ya ga layin dogo, ya ga katanga, ya ga sararin sama, ya dawo. Ya dafa gwiwar hannu a kan murfin tanki, ya murza ɗan abin da ke tsakiya a hankali, sai ga fuskar Auta ta fito tar. Ga tabon da ke girarsa tun faɗuwar keke. Ga gashin baki da ya bari ya tsiro. Yaron yana kallon benen, hannu a sama, bakinsa na motsi, ko tantama babu wata tsokanar yake yi. Baba Hatimi ya ɗaga hularsa yana kaɗawa. Ya yi kuka a saman benen nan shi kaɗai, irin kukan da bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa, sannan ya goge ido ya sauko ya kashe injin.

Daga ranar, shi ne idon matarsa. Da ta ji taɓa ƙofarsa sai ta ɗauke ƙafa daga keke.

"Baban Auta, ka gan shi?"

"Na gan shi."

"To zauna ka faɗa mini. Kada ka tsallake komai."

Shi kuwa ba ya tsallakewa, ba ya ƙarawa. Yau ya yi aski. Yau shi da wani dogo suna ta dariya. Yau ya wanke rigar ya mayar da ita a jiƙe don kada ƙarfe huɗu ta wuce shi. Wata rana ya ga yaron yana ɗingishi, ƙafar hagu ɗaure da tsumma. Ya kira 'yarsa, ta haɗa maganin ciwo da bandeji da takarda, ya kai taga da safe. Bayan kwana huɗu Auta ya ɗaga ƙafar a jikin famfo yana juya ta, ya yi tsalle sau biyu don a gani. A ranar Baba Hatimi ya san madubin nan ba abin kallo ba ne kawai. Da shi yake riƙe da lafiyar ɗansa.

Wata uku aka yi a haka. Wata yamma hadari ya haɗo, iska na kaɗa murfin tanki. Auta ya fito a ƙarshen layi, ba da saurin da ya saba ba. Ya isa famfo, ya ɗaga hannu, sai ya sauke ya dafa bututun, ya sunkuya yana tari. Ya miƙe ya sake ɗaga hannun, ya sake sunkuyawa. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, amma Baba bai motsa ba, yana nan da madubi a ido har aka kora fursunoni ciki. Ya ce a ransa mura ce. Gobe zai duba da kyau, in tarin na nan sai a kai magani. Bai gaya wa matarsa ba don kada ya tayar mata da hankali a kan abin da bai tabbatar ba.

Gobe ta yi, ya kara madubi a ido, bai ga komai ba sai fari. Ya goge gaba, ya goge baya, ya hura, ya sake gogewa da gefen riga. Raɓar daga ciki take, duka ido biyun.

A ƙasan benen, a ƙarƙashin matakala, akwai wani tsoho mai gyaran agogo, da teburinsa mai gilashi da 'yan ƙananan sukudireba a jere. Tare suke shan shayin safe. Ya karɓi madubin ya juya shi sau biyu.

"Ruwa ne ya shiga. Robar bakin ta tsufa. In kwance notin nan huɗu, in goge, in ɗora a kan murfin injinka ya sha ɗumi, shi ke nan."

Ya ɗauki sukudireba. Baba Hatimi ya cafke masa wuyan hannu. A kan kowane noti akwai ɗigon jan fenti.

"In fentin nan ya karye, garanti ya tashi."

"To ya tashi mana. Da garanti kake kallo ko da gilashi?"

"An rubuta a jikinsa ruwa ba ya shigarsa. Ruwa ya shiga. Laifinsu ne. Su gyara, ko su ba ni sabo."

"Yaushe?"

"Mako biyu, in ya yi yawa."

Mai agogo ya cire tabarau ya dube shi. "Hatimi, yanzu ƙarfe biyu. In ka sakar mini hannu, yau ɗin nan za ka ga fuskar yaron nan."

Allah ya sani Baba Hatimi ya kusa sakin hannun. Ba rashin son ɗa ba ne ya hana shi. Tunaninsa shi ne, ba wanda ya san ranar da fayil zai isa kotu, ko shekara guda, ko biyu. In aka buɗe madubin a ƙarƙashin matakala, wani ruwan zai sake shiga, kuma ba shi da wanda zai riƙe. Sabo kuwa zai kai shi har ranar fitowa. Mako biyu ba komai ba ne, tunda ko da ido yana iya hango rigar. Tunani ne mai tsari, kamar duk tunaninsa, kuma shi ne mafi munin shawarar da ya yanke a duniya. Ya mayar da madubin cikin jaka.

Ofishin wakilin kamfanin yana can ɗaya gefen gari, mota biyu ake hawa. Ɗaki ne mai sanyi, da kujerun roba, da wata budurwa a bayan kanta tana danna kwamfuta. Ta karɓi madubi da kati, ba ta ko juya bayan katin ba. Ta buga masa takardar karɓa, ta doka mata hatimi. Ya karanta sau biyu, ya ninke ta huɗu, ya fito yana jin ya yi abin da ya dace.

Abu ɗaya ya kasa, gaya wa matarsa. Ya san abin da za ta ce, kuma ya san tana da gaskiya. Sai ya cusa tsumma a jakar fatar don ta yi tudu, ya ci gaba da rataya ta kullum. Ƙarfe huɗu ya tsaya a kusurwar tanki, ya hango ɗigon rawaya a jikin famfo, ya kaɗa hula.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi. Ya ɗaga hannu."

"Fuskar fa? Yaya take?"

Ya sunkuya yana kwance takalmi. "Ya yi aski," ya ce.

Wannan ce ƙarya ta farko da ya taɓa yi mata, kuma ta fito da sauƙin da ya ba shi tsoro. Kashegari sai da ya nemo wata. Yau yana wasa da dogon nan. Yau ya yi wanki. Maganar tari kuwa ya rufe ta da kansa. Mai ciwo ba ya fitowa kullum ya tsaya a rana, in ji shi, ga rigar nan ba ta fashi. Akwai dai wata rana guda da famfon ya zauna ba kowa, ranar ya kasa cin abinci. Kashegari rawaya ta dawo wurinta, ya yi ajiyar zuciya ya ce wanki aka yi.

Mako biyu suka cika, ya koma. An tura babban ofis, in ji budurwar. Mako na uku, ba a dawo da shi ba. Mako na huɗu, mai sa hannu ya yi tafiya. Ya kafa zama a kujerar roba irin na zamanin fanka, amma a nan ba wanda zamansa ya dama, sai dai a zagaye ƙafarsa da tsintsiya. Duk safiya mai agogo yana zuba masa shayi, bai taɓa tayar da maganar madubin ba, hakan kuwa ya fi zagi ciwo. A gida ƙarya ta yi ta girma, don ƙarya ba ta son maimaici. Da ya rasa sabon abin faɗa, wata yamma ya ce yaron ya murmure. Da ya ga yadda fuskarta ta haskaka, kashegari ya ce har ƙiba ya yi.

Kwana talatin da takwas, aka kira shi. Budurwar ta turo masa madubin a cikin leda, da wasiƙa mai layi uku. Kamfani yana ba da haƙuri. Garanti na mai sayen farko ne, ba ya bin kaya in sun canja hannu.

"'Yata, lambar fa ɗaya ce. Duba ki gani."

"Na gani, Baba. Amma sunan ba naka ba ne." Ta juya katin ta ɗora farce a kan layin da 'yarsa ta karanta masa wata huɗu da suka wuce.

"To me ya sa kuka karɓa? Me ya sa ba a faɗa mini ranar ba?"

"Ni karɓa ce aikina. Can sama suke dubawa."

Ya fito da madubin daga leda. Jan fentin yana nan a kan noti huɗu, ko ƙwarzane babu. Ba wanda ya taɓa shi. Kwana talatin da takwas yana kwance a kan kantar wani.

Ƙarfe uku da minti ashirin ya iso benen. Ya ajiye madubin a teburin mai agogo. Tsohon ya ɗauki sukudireba, fentin ya ɓare ya zuba kamar ɓawon gyaɗa. Raɓar ta riga ta bushe da kanta ta bar dabbare-dabbare a gilashi. Ya goge da auduga, ya shafa ɗan mai a bakin robar, ya ɗaure. Minti ashirin da biyar.

"Hau," ya ce. "Saura kwata."

Ya hau yana haki. Ya dafa gwiwar hannu a murfin tanki, ya murza, tsakar gidan yarin ta taso tar, har ta fi da. Aka buɗe ƙofa, fursunoni suka fito. Ga rawaya. Ta ratsa fili ta nufi famfo, ta juyo ta fuskanci benen, hannu ya tashi sama.

Ba Auta ba ne. Wani mutum ne da zai kai shekara arba'in, mai gemu da furfura jefi-jefi, siriri, dogo, rigar ta ɗage masa har tana nuna cibiya. Dogon nan ne da suke dariya tare. Yana tsaye ƙyam, hannu a sama, fuska ba walwala, yana kallon benen da ba ya iya ganin kowa a kansa, kamar wanda aka ba aiki yana cikawa. Ya daɗe a haka, sannan ya sauke hannu ya sunkuya ya wanke fuska.

Baba Hatimi ya bi tsakar gidan fuska bayan fuska. Ya bi na zaune a gindin katanga, ya bi masu wanki, ya bi masu zagaye. Ya dawo ya sake farawa daga farko. Har aka kora su ciki bai ga tabon gira ba.

Bai san yadda ya sauko ba, bai san yadda ya tsallake layin dogo ba. Ya tsinci kansa a tagar karɓar magani yana buga ƙarfe da tafin hannu. Wani matashin gandiroba ya ce an tashi, kuma ba ziyara. Ya ci gaba da bugawa. Can wani dattijo mai igiya uku a hannun riga ya leƙo, ya tambayi sunan fursuna, ya tafi. Ya dawo da babban littafi, ya buɗe, ya bi layi da yatsa. Da yatsan ya tsaya, sai ya rufe littafin ya cire hularsa.

"Kai ne mahaifinsa?"

"Ni ne."

"Baba, sai haƙuri. Yau mako uku ke nan. Ciwon ƙirji ne. Ya yi kwana goma yana tari a ɗaki kafin a kawo shi ɗakin magani, ya yi mako guda a can. Abin da muke da shi mun ba shi, bai isa ba. Na sa an duba taga ko wani ya kawo masa magani daga gida."

"Ba wanda ya faɗa mana."

"An aika takarda. Adireshin da ke fayil ɗinsa na wurin aikinsa ne, siton nan. Da aka jira kwana uku ba wanda ya zo, hukuma ta yi abin da ya kamata. Akwai lambar kabarin, zan rubuta maka."

Baba Hatimi ya riƙe ƙarfen taga da hannu biyu. "Rigar," ya ce. "Wani na gani da rigarsa."

"Abokin ɗakinsa ne. Ranar da za a kawo yaronka ɗakin magani ya tuɓe ya ba shi. Ya ce babansa na kallo daga saman bene, amma kwanan nan bai ga walƙiyar gilashin ba, da alama madubin ya lalace, riga kawai yake gani. Ya ce ya riƙa tsaya masa kafin ya dawo, kada tsoho ya damu. Mun gaya masa yaron ya rasu. Ya ce shi dai ba a ce ya daina ba."

Ya karɓi 'yar takardar da aka rubuta lamba, ya taho da ƙafa. Ya wuce tashar mota bai hau ba. Tun daga layin dogo yake haɗa kalmomin da zai faɗa, duk wanda ya haɗa sai ya warware. Ba rasuwar kaɗai zai faɗa mata ba. Sai ya faɗi tarin da ya gani ya ɓoye, da hannun mai agogo da ya riƙe, da jakar da ya cika da tsumma, da askin da ba a yi ba. Ya ji tsoron matar nan fiye da yadda ya taɓa jin tsoron wani mahaluki.

Rana ba ta gama faɗuwa ba ya iso. Tun daga ƙofa ya ji ƙarar keke, da ya taɓa ƙofar ta tsaya. Tana zaune a bakin taga, zare a wuyanta, sabon yadi rawaya a cinyarta.

"Yauwa, ka dawo a daidai," ta ce. "Waccan rigar ta yi wata huɗu a jikinsa, na san ta koɗe. Tunda ka ce ya yi ƙiba, na ƙara yatsa huɗu a ƙirji. In an ƙi karɓa a taga, ka roƙe su, ai riga ba makami ba ce. Zo ka juya baya in gwada, kafaɗarku kusan ɗaya ce."

Ya ajiye jakar a kan kujera. Ya zo ya durƙusa a gabanta ya juya baya, don ba ta iya miƙewa. Ta sa allurai uku a baki, ta shimfiɗa rigar a kafaɗunsa, ta ja nan, ta daidaita can, tana magana ta gefen baki a kan tsawon hannu. Sai ta ji bayan yana rawa a ƙarƙashin tafinta.

Ta tsaya. Ta zare allurai daga bakinta ɗaya bayan ɗaya, ta soke su a jikin yadin.

"Baban Auta," ta ce, "juyo ka dube ni."